Hawan Tsauni ta Cikin Kwazazzabo a Yini Ɗaya: Zan Iya Kuwa?

Tambaya: Abokaina uku sun gayyace ni hawan wani tsauni nan da wata biyu. Hanyar ta fara ne ta cikin kwazazzabo, gefen rafi, sannan ta haura zuwa ƙololuwa. Zuwa da dawowa kilomita 18 ne. Inda ake ajiye mota yana kan tsayin mita 1,600 daga teku, ƙololuwar kuma mita 3,000. A yini ɗaya za mu je mu dawo. Ina tattakin kilomita 8 kusan kullum da safe, amma a shimfiɗaɗɗen titi, ban taɓa hawan tsauni ba. Zan iya? Me zan ɗauka, me kuma zan kiyaye?

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa, matuƙar ka yi wa watanni biyun nan aikin da ya kamata. Na yi shekara goma sha wani abu ina raka mutane irin wannan hanya, kuma sau da yawa mai tattakin safe irinka ya fi mai ɗaga ƙarfe kai labari. Sai dai na lura idonka na kan kilomita 18, alhali lambar da za ta jiƙa maka riga tana ɓoye tsakanin sauran biyun da ka kawo. Cire 1,600 daga 3,000, saura mita 1,400. Wannan shi ne tsayin da ƙafafunka za su ɗaga ka, kai da jakarka. Burj Khalifa na Dubai, ginin da ya fi kowane tsawo a duniya, mita 828 ne. Ɗauka ka hau shi ta matakala tun daga ƙasa har ƙoli, kana isa aka ce saura kashi biyu cikin uku nasa, kuma matakalar nan duwatsu ne da tsakuwa da saiwoyin itace. In ka gama duk wannan, sai ka sauko.

Masu hawan tsauni suna da wani tsohon lissafi da wani mutumin Sikotilan, William Naismith, ya fitar a 1892. Ya ce a ba kowane kilomita 5 awa ɗaya, sannan a ƙara awa ɗaya kan kowane mita 600 na hawa. In muka ɗora taku hanyar a kai, kilomita 18 zai ci awa uku da rabi da ɗoriya, mita 1,400 kuma awa biyu da minti ashirin. Jimla wajen awa shida ke nan. To amma wannan lissafin na ƙaƙƙarfan mutum ne da ya saba, a hanya mai kyau, babu hutu, babu cin abinci, babu tsayawa ɗaukar hoto. Ayarin mutum huɗu da sabon shiga a cikinsu, ni awa tara nake rubuta musu, in sun yi goma ma ba na mamaki. In kana son ka ji abin a jikinka, lissafin Naismith yana nuna cewa kowace mita ɗaya ta hawa daidai take da wajen mita takwas a kwance. Tafiyarku ta koma kamar kilomita 29 ko 30 ke nan a titin da ka saba, kusan ninki huɗu na tattakinka na safe, a zama ɗaya.

Daga nan ne abin da na fi so ka riƙe yake fitowa, wato lokacin juyawa. Ana yin lissafinsa ne daga baya zuwa gaba. Duba ƙarfe nawa rana za ta faɗi a ranar, a ce shida da rabi. Kana so ku kasance a mota awa biyu kafin nan, domin wannan awa biyun ita ce rarar da za ku ci in wani ya yi targaɗe ko kun ɓata hanya. Ƙarfe huɗu da rabi ke nan. Saukowa ga sabon shiga za ta ci awa huɗu, kada wani ya ce maka gangara ba ta cin lokaci. Saboda haka ƙarfe sha biyu da rabi ta same ku kun juya baya, ko kun taɓa ƙololuwa ko ba ku taɓa ba. Hawa kuma zai ci awa biyar zuwa biyar da rabi, ka ga dole ƙafa ta taka hanya tun ƙarfe bakwai na safe, in an samu kafin haka ma ya fi. Masu hawan tsaunin Whitney a Kalifoniya ta Amurka, mai tsayin mita 4,421, wanda zuwa da dawowarsa ya kai kilomita 35, da yawansu ƙarfe biyu ko uku na dare suke tashi da fitila a goshi in a yini ɗaya za su yi shi. Dalilin ɗaya ne da naku.

Ku yanke wannan lokacin tun kuna cikin mota, kowa ya furta shi da bakinsa. Na ga abin da ke faruwa in ba a yi haka ba. Mutum ya sha awa biyar yana hawa, ga ƙololuwa can yana hango ta, agogo ya ce a juya, sai zuciya ta fara kawo hujja: minti ashirin ne kawai, ai mun zo nesa, yaushe za mu sake samun dama. Minti ashirin ɗin nan ban taɓa ganin ta tsaya a ashirin ba. Kuma gajiya da ƙarancin iska suna rage wa mutum kaifin tunani ba tare da ya sani ba, shi ya sa shawarar da aka yanke da safe, ciki a ƙoshe, ta fi wadda za a yanke a can sama. Ko ƙwararru abin yana cin su. A watan Mayu na 1996 mutum takwas suka rasu a tsaunin Everest, mafi tsawo a duniya, cikin guguwa ɗaya, kuma cikin abubuwan da aka fi ambata a kan musabbabin haka har da wuce lokacin juyawa da wasunsu suka yi da awanni. Naku tsaunin bai kama ƙafar wancan ba, amma ruɗin zuciyar iri ɗaya ne.

Akwai dalili na biyu na barin sama da wuri, shi ne hadari. A tsaunuka da yawa, lokacin zafi, gari yakan waye tas, rana ta gasa gangaren dutse, iska mai ɗumi ta yi sama, kafin azahar sai ka ga gajimare ya fara tsiri kamar an tara auduga. Da zarar gindinsa ya yi baƙi, kansa ya baje, tsawa ta kusa. A tsaunukan Kolorado ta Amurka ƙa'ida ce da kowa ya sani cewa tsakar rana ta same ka ka bar ƙololuwa. In ka ga walƙiya, fara ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawar. Kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. In ƙirgarka ba ta kai talatin ba, hadarin yana cikin kilomita goma, kuma kai da ke tsaye a kan tsiraran dutse kai ne abu mafi tsawo a wurin. Sauka kawai. Kada ka fake ƙarƙashin itace guda da ke tsaye ita kaɗai, kada ka raɓe a bakin ɗan kogo, kuma ku ba juna tazara maimakon ku cure wuri ɗaya.

Bari in dawo ƙasa, wurin kwazazzabon, don shi ne ɓangaren da ya fi yaudarar mutane.

Da sassafe za ka same shi da sanyi, domin iska mai sanyi ta fi nauyi, cikin dare takan gangaro ta kwanta a ƙasan kwari. Ga inuwa, ga ƙarar ruwa, hanya kuma tana hawa a hankali har ba ka jin kana hawa. Nan sababbin shiga ke sakin ƙafa, suna raha, suna cewa ashe abin ba wuya. Kafin ranar, nemi taswirar da ke nuna yadda tsayin hanyar ke ƙaruwa kilomita bayan kilomita. Yawancin hanyoyi irin wannan ba sa raba hawan daidai. In kilomita biyar na farko a gefen rafi sun ɗaga ku mita 400 kacal, to sauran mita 1,000 suna jiran ku a cikin kilomita huɗu na ƙarshe, wato kowane taku huɗu gaba, taku ɗaya sama. Sauƙin da ka samu a ƙasa bashi ne. Yi awar farko a hankali har ka ji kamar kana ɓata lokaci. Ma'aunin da nake ba mutane shi ne magana: in ba ka iya faɗin jimla cikakkiya ba tare da ka tsaya jan numfashi ba, ka yi sauri da yawa.

Za ku tsallake rafin, wataƙila sau da dama. Dutsen da ya jiƙe, musamman mai gansakuka, ya fi sabulu santsi. Kwance maɗaurin jakarka na ƙugu kafin ka tsallaka wuri mai zurfi, don in ka faɗi ka iya yar da ita. Ka kuma sani cewa in akwai dusar ƙanƙara a sama tana narkewa, rafin da ka tsallake da safe a kan duwatsu zai iya kai maka gwiwa da la'asar, saboda rana ta wuni tana narkar da ita.

Ambaliya kuwa ita ce abin tsoro na gaske a kwazazzabo, kuma ba sai an yi ruwa a kanka ba. Duk ruwan da ya sauka a gangaren tsaunin, ko'ina ya faɗi, hanyarsa ɗaya ce, nan inda kake tafiya. A ranar 12 ga Agusta 1997 ambaliya ta kashe masu yawon buɗe ido 11 a kwazazzabon Antelope da ke Arizona ta Amurka, alhali a wurin da suke ruwan da aka yi bai taka kara ya karya ba, hadarin can nesa ya zubar. A Satumba 2015 wasu mutum bakwai suka rasu haka a wani matsattsen kwazazzabo na gandun Zion a Yuta, ita ma a Amurka. Don haka duba hasashen yanayi na yankin gaba ɗaya, har da saman tsaunin, da daddare da kuma da asuba. Kana ciki ka ga ruwa mai haske ya fara yin ja ko ya ɗauko ganye da ƙirare, ko ka ji wani ruri daga sama kamar babbar mota na tahowa, haura gefe nan take, duk inda ya fi tudu. Kada ka ce za ka tsere masa ta ƙasa, ya fi ka gudu. Ruwa mai ƙarfi da bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum.

Wani abin kuma, waya takan mutu murus a cikin kwazazzabo, ba sabis. GPS, mai nuna inda kake a taswirar waya, ba ya buƙatar sabis, amma bangon dutse na tare masa taurarin ɗan'adam, sai ka ga ɗigon da ke nuna inda kake yana tsalle-tsalle. Sauke taswirar a wayarka tun a gida, sa ta a yanayin jirgin sama don batir ya daɗe, kuma mutum ɗaya aƙalla ya riƙe ta takarda. Duk inda hanya ta rabu, ko ta ɓace cikin manyan duwatsu, tsaya ka waiwaya ka kalli wurin ta fuskar da za ka gan shi in kana dawowa. Hanya kamanninta biyu ne, na tafiya daban, na dawowa daban, kuma da yamma a gajiye za ka gode wa wannan waiwayen.

Inda hanya ta bar rafi ta kama bangon kwazazzabo, nan aikin yake farawa. Za ta riƙa kai-komo, ta yi dama ta yi hagu kamar tafiyar maciji. An yi ta haka ne don a rage tsananin hawan. Za ka ga inda wasu suka yanke miƙe, kada ka bi su, yana cin ƙarfi, yana zaizaye ƙasa, kuma dutsen da ƙafarka ta ture kan na ƙasa da kai zai sauka. In dutse ya kuɓuce, ɗaga murya ka sanar. A nan ne kuma inuwa ke ƙarewa, rana ta same ka a fili. Hasken da ke ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi goma cikin ɗari a kowane mita 1,000, iska mai sanyi kuma tana hana ka jin ƙunar sai dare. Hula mai baki, tabarau, man kare fata, da na leɓe.

Ga wata dabarar taku da nake koya wa kowa a wuri mai tsananin hawa. Ka ɗaga ƙafa ɗaya ka ɗora a gaba, amma nauyinka ka bar shi a kan ta baya, gwiwarta a miƙe, na ɗan daƙiƙa guda. A wannan ɗan lokacin ƙashi ne ke ɗauke da kai, tsoka na hutawa. Sannan ka tura, ka maimaita. Mai kallo zai ce tafiyar hawainiya kake, amma ba ka tsayawa, kuma bayan awa ɗaya sai ka wuce waɗanda suka yi ta zabura suna zubewa a kan duwatsu suna haki. Hutu kuma gajere ya fi, minti biyar duk awa. In ka zauna minti ashirin jiki ya huce, tashi sai ya zama aiki.

Sama da kwazazzabon galibi akwai wani ɗan kwari tsakanin tsaunuka biyu, mai kama da sirdi, inda hanya ke hawa kan ƙashin bayan tsaunin. Kana leƙa kai nan iska za ta mare ka. Zafi yana raguwa da kusan digiri shida da rabi a kowane mita 1,000, ka ga tsakanin motarku da ƙololuwa akwai bambancin wajen digiri tara, kafin a sa iska a lissafi. Kai kuma ka iso da riga sharkaf da gumi. Sa rigar iska tun kafin ka fara jin sanyi, kana tsayawa ka sa ta. Wannan ne ya sa ba na son rigar auduga a tsauni, tana shan gumi ta riƙe, ta manne a fata tana zuƙe ɗumin jiki. Ulu ko yadin roba irin na 'yan wasa sun fi, suna bushewa da wuri. Sanyi na iya kayar da mutum ko da ruwa bai daskare ba, in dai jiƙa da iska da gajiya sun haɗu. Alamarsa makyarkyata, hannu ya kasa zuge zif, magana ta fara harɗewa.

Daga sirdin nan za ka hango wani tsiri ka ce ga ƙololuwa. Yawanci ba ita ba ce. Kana isa sai wani ya leƙo daga bayansa, wani lokaci har sau biyu ko uku. Hangen Dala ba shiga birni ba. Duba tsayin da wayarka ko agogonka ke nunawa ka daina yarda da ido.

Game da ƙarancin iska: a mita 3,000 nauyin iska ya ragu zuwa kusan kashi saba'in cikin ɗari na wanda ke bakin teku, don haka kowane numfashi yana kawo maka iskar oksijin ƙasa da yadda jikinka ya saba. Kowa zai yi haki, wannan ba ciwo ba ne. Ciwon tsauni kuwa yakan fara kama mutane daga wajen mita 2,500, da ciwon kai, tashin zuciya, jiri, da ƙin abinci. Ƙarfin jiki ba ya hana shi, na ga 'yan gudun fanfalaki sun yi laushi, dattijo ya wuce su lafiya lau. In kana zaune a ƙasa mai kusa da teku, kwana ɗaya kusa da inda za ku fara zai taimaka ƙwarai. Ciwon kai kaɗan, a huta, a sha ruwa, a gani. In yana ƙaruwa, ko an fara amai, ko mutum yana tangaɗi kamar mai maye, ko yana haki alhali a zaune yake, magani ɗaya ne, a sauka da shi, kuma ba shi kaɗai ba. In kana da ciwon zuciya, hawan jini ko asma, ga likita kafin ka tafi. Mai sikila kuwa wannan tafiya ba tasa ba ce sai da izinin likitansa. Ko mai AS, wanda a ƙasa lafiyarsa ƙalau, ya sani cewa tsayi da aikin ƙarfi da ƙishirwa in sun haɗu suna iya taɓa masa saifa. Ciwo mai tsanani a hagun ciki, ƙasan haƙarƙari, dalili ne na sauka da zuwa asibiti.

Ruwa, ɗauki lita uku, in lokacin zafi ne huɗu. Lissafin da ake yi shi ne wajen rabin lita a awa, fiye da haka in gumi ya yi yawa. Kowace lita kilo ɗaya ce a bayanka, shi ya sa rafin yake da amfani: in kana da matatar ruwa ta tafiya ko ƙwayar tsarkake ruwa, cika goranka a wuri na ƙarshe kafin hanya ta bar rafin, domin daga nan har ka dawo babu wani. Kada haskensa ya ruɗe ka ka sha haka nan, ƙwayoyin cuta irin su jiyadiya ba a ganin su, kuma gudawar sai bayan mako ɗaya ko biyu take zuwa. Kuskure na biyu shi ne a yi ta ɗura ruwa zalla ba a cin komai. Gumi yana fita da gishiri, in ka mayar da ruwa kaɗai sai gishirin jini ya tsinke, kuma alamominsa, ciwon kai da tashin zuciya da ruɗewa, suna kama da na ƙishirwa, sai mutum ya ƙara shan ruwa ya ƙara jagula abin. Ma'aikatan gandun Grand Canyon na Amurka sun daɗe suna gargaɗi a kan wannan. Ci wani abu kaɗan duk awa, mai gishiri da mai zaƙi, ko ba ka jin yunwa, domin a sama sha'awar abinci takan ɗauke. Kuma kada ranar ta zama ranar gwada abincin da cikinka bai sani ba.

Yanzu saukowa. Wani saurayi da na taɓa rakawa, shi ne ya fi kowa ƙarfi a ayarin, ya riga mu isa sama da kusan rabin awa, muka same shi yana tsaye kan dutse yana ɗaga hannu. Awa biyu da fara gangara sai na ga ya koma baya. Da na tsaya jiran sa, cinyoyinsa rawa suke, a fili kana ganin wandon yana kaɗawa. Duk matakin dutse sai ya juya gefe, ya dafa, ya sauke ƙafa ɗaya, ya ja ɗayar. Takalminsa sabo ne kuma daidai ƙafarsa cif, kowane taku yatsunsa na dukan gaban takalmin. Da ya cire safa a bakin rafi, farcen manyan yatsun biyu sun yi baƙi, ga bororo ya fashe a dunduniya. Kilomita uku na ƙarshe sun ci mana fiye da awa biyu, kuma a cikin kwazazzabo duhu yana riga faɗuwar rana zuwa, domin bango ya tare ta tun da sauran haske a sama. Fitilar goshina ce ta fitar da mu, shi wayarsa ta mutu tun a ƙololuwa wajen ɗaukar bidiyo.

Abin da ya same shi yana da dalili. A hawa, tsokar cinya tana tsukewa ta ɗaga ka, zuciya da huhu ne ke shan wahala. A gangara kuwa tsokar tana aiki ne a matsayin birki, tana miƙewa alhali tana riƙe da nauyinka, kuma irin wannan aikin ya fi yi mata ƙananan raunuka. Ba ka haki, shi ya sa ba ka lura, sai dai ka ji ƙafa ta daina jin magana. A daidai lokacin kuma hankali ya saki, an riga an yi abin da aka zo yi, ana tunanin gida. Yawancin targaɗe da faɗuwar da na gani da idona a hanyar dawowa suka faru. Taƙaita taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kada ka jingina baya don tsoro, nan ne dunduniya ke zamewa a kan tsakuwa. Kafin ka fara sauka ƙara ɗaure igiyar takalmi ta wajen idon sawu don ƙafa ta daina zamewa gaba. Sanduna biyu na tafiya suna rage wa gwiwa nauyi sosai, ni ba na fita ba su. Takalmin ya zama mai ƙasa mai kama dutse, da sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaban yatsunka, kuma ka riga ka yi tafiya mai nisa da shi sau da dama. Yanke farce kwana biyu kafin ranar. Da ka ji wani wuri a ƙafa ya fara zafi, tsaya ka manna filasta, kada ka jira ya zama bororo.

In kun ɓata hanya a saukowa, akwai shawarar da mutane ke yawan bayarwa wadda a nan haɗari ce, wai a bi ruwa zai kai ka gari. A kwazazzabo ruwa yakan kai ka bakin gangaren da yake zubowa daga sama, ka dira mataki ɗaya da ba za ka iya sake hawa ba, gaba kuma rami. Komawa za ku yi inda kuka tabbata kuna kan hanya. In dare ya yi kuma ba ku gane ba, ku zauna wuri ɗaya, ku sa duk kayan sanyinku, ku jira gari ya waye. Usur ya fi ihu kai wa nesa kuma ba ya dushe murya. A Amurka busa uku a jere alamar neman taimako ce, a tsaunukan Turai busa shida cikin minti ɗaya.

Jakar kanta ba sai ta yi nauyi ba. Bayan ruwa da abinci, rigar ruwa da ke tare iska, rigar ɗumi, hular sanyi, fitilar goshi ga kowane mutum ko da kun tabbata da rana za ku dawo, ɗan akwatin magani da bandeji mai naɗewa, usur, batirin cajin waya, da bargon nan na leda mai ƙyalli da bai fi tafin hannu ba in an naɗe. Bincika ko hanyar na buƙatar takardar izini, wasu na buƙata. Tambayi kuma waɗanda suka hau kwanan nan ko akwai sauran ƙanƙara a kan hanya, domin gefen da rana ba ta cika bugawa ba yakan riƙe ta har cikin bazara. In akwai ta a wuri mai gangara kuma ba ku da kayanta, nan tafiyarku ta ƙare a ranar.

Watanni biyun da ke gabanka, ci gaba da tattakinka, amma sau biyu a mako nemi bene ko tudu. Fara da minti ashirin kana hawa kana sauka, kana ƙarawa har ka kai awa ɗaya, da jaka mai kilo biyar ko shida a baya. Ka riƙa sauka da ƙafa, kada ka hau lif, saukar ita ce rabin horon, kuma tsoka tana saurin sabawa da ita, bayan zama biyu ko uku za ka ga ciwon cinyar da ke biyo baya ya ragu. Ƙarshen mako kuma tsawaita tafiya, awa uku, huɗu, biyar. Mako biyu ko uku kafin ranar gwada hanya mai hawan mita 700 ko 800 da takalmi da jakar da za ka tafi da su, ka duba agogo. Abin da ka yi a nan shi zai gaya maka ko awa tara ɗin da na rubuta maka ta yi daidai. Makon ƙarshe sassauta, ka yi barci.

Abokan naka kuma, yi magana da su tun yanzu. Mafi jinkiri shi ke gaba ko na biyu, kowa ya bi takunsa. Ba a barin mutum shi kaɗai a hanya a ce ya jira a dawo. In ɗaya ya juya, wani ya juya tare da shi. Ku bar wa wani a gida sunan hanyar, lambar mota, lokacin da kuke sa ran fitowa, da lokacin da in bai ji ku ba zai kira masu ceto. Kuna isa inda sabis ya dawo, kafin a cire takalmi, kafin a fara tura hotuna, a kira shi a ce an fito. Na taɓa ganin an tashi mutane cikin dare neman ayarin da tuni suna gida suna barci. Wanda zai ja mota kuma ya ɗan runtsa minti ashirin kafin ya kama sitiyari, ya tashi tun ƙarfe huɗu, ya yi awa tara a ƙafa.